Neman tarihin kakanninmu sojojin igwa na yaƙin Bama: daga ina ake farawa?

Jikar Mai Igwa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawarar masana nake nema. Takardar sallamar kakanmu daga soja tana hannunmu, ta tsufa ƙwarai amma wasu wuraren suna karantuwa. Gaban sunansa an rubuta Gnr, lambarsa ta fara da NA, a layin runduna akwai W.A.A., shekarar sallama 1946. Akwai kuma lambobin yabo huɗu, babu suna a jikin ko ɗaya. Abin da gida suka sani kawai shi ne ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, Myanmar ta yau. Ta yaya za mu gano rukunin da ya yi aiki a ciki da wuraren da suka bi? Wasu sun ce sai Landan, wasu sun ce Kaduna.

Mai Kundi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Abin da mutane da yawa ke nema su rasa shi ne lambar soja, ke kuwa tana hannunki. Gnr na nufin Gunner, farabitin sojan igwa ke nan. Da ya samu igiya, L/Bdr ko Bdr za ki gani, don a ɓangaren igwa ba a rubuta las-kofur da kofur. NA na nuna a Najeriya aka ɗauke shi. Na Gwalkwas, wato Ghana ta yau, GC ne, na Saliyo SL. W.A.A. kuwa West African Artillery, wato sojan igwa na Afirka ta Yamma.

Ki san wannan tun yanzu don kada kuɗinku su tafi a banza: babu wani fayil mai sunan kakanku da ke jiranki a Landan. Fayilolin aikin da Ingila ta riƙe na hafsoshi da sajan-sajan ɗin Turawa ne, na baƙaƙen soja a ƙasashensu aka bar su. Abin da ke gidan adana takardun gwamnatin Ingila a unguwar Kew shi ne kundin yaƙi na kowane rukuni, inda ake rubuta abin da rukunin ya yi kullum. Saboda haka neman kashi biyu ne. Mutumin ana nemansa a gida, rukuninsa ana nemansa a Kew, kuma abin da ke haɗa su shi ne cikakken sunan rukunin da kwanan watan da ya shige shi da wanda ya bar shi.

Ki koma kan takardar tukuna. Da rana ki shimfiɗa ta a inuwa, ki ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, har da shafin da kike ganin babu komai. Sannan da dare ki haska tocila daga gefe, kusan a kwance da takardar. Rubutun fensir da ya goge da hatimin da ya dushe sukan fito ta haka. Ki nemi waɗannan haruffa: Bty, Regt, Lt, Mor, H.A.A., L.A.A., A/Tk, da duk wani adadi da ke kusa da su.

Tsohon Samanja:
Mai Kundi ya yi daidai. Bari in ƙara abin da zai sa 'yata ta gane haruffan idan ta gan su.

Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je Bama. Runduna ta 81 an kafa ta a Najeriya a watan Maris 1943, ta isa Indiya a wannan shekarar, ta shiga kwarin kogin Kaladan sau biyu a 1944. Runduna ta 82 ta bi baya a 1944, ta bi ta Buthidaung da kwarin Kalapanzin, suka haɗu da ta 81 a kan Myohaung a watan Janairu 1945, sannan ta gangara kudu ta Dalet da Tamandu har hanyar An. Sunayen nan ba baƙi ba ne gare mu, su ne a jikin barikokinmu: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da An da Tamandu da Arakan a Legas.

Igwar da suka tafi da ita ƙarama ce ta hawan dutse, mai baki inci 3.7. Harsashinta fam 20, kusan kilo 9, tana kai shi kimanin yadi 5,900, kilomita 5 da ɗoriya. Ana warware ta gunduwa-gunduwa, hatta bututun gida biyu ne da ake haɗawa. Da farko kowace birged tana da nata rukunin da ake kira Light Battery, a taƙaice Lt Bty. A 1944 aka tattara su. Na 3 da na 5 da na 6 suka koma ƙarƙashin 101st Light Regiment a Runduna ta 81, na 1 da na 2 da na 4 suka koma 102nd Light Regiment a Runduna ta 82. Masu harba mortar mai inci 3 aka ware su: 41st Mortar Regiment a ta 81, 42nd Mortar Regiment a ta 82. Masu maganin tankar yaƙi 21st da 22nd Anti-Tank Regiment.

Inda mutane ke ɓacewa ke nan. Mutum bai motsa daga cikin abokan aikinsa ba, amma sunan rukuninsa ya canja a tsakiyar shekara. Wanda ya nemi 101st Light Regiment a farkon 1943 ba zai samu komai ba, ya ce babu takardu, alhali suna nan da tsohon suna.

Malam Na Kakuri:
Ranka ya daɗe Samanja, akwai wani tarko da ya kamata a faɗa. Inci 3.7 ɗin nan bindiga biyu ce ke amsa shi. Ban da ƙaramar igwar dutse akwai babbar bindigar harbo jirgin sama, ita ma bakinta inci 3.7, amma nauyinta tan-tan ne, mota ke janta. Idan takarda ta ce H.A.A. to ita ake nufi, kuma mai ita bai shiga dajin Kaladan ba. Waɗannan an girke su ne gadin tashoshin jiragen ruwa da filayen jirgin sama irin su Freetown da Takoradi da Legas, lokacin da ake tsoron Faransawan Vichy masu bin Jamus da ke kewaye da mu, kuma jiragen yaƙi na bi ta Takoradi da Kano da Maiduguri zuwa Khartoum da Alƙahira. Wasu daga cikinsu an kai su Indiya gadin filayen jirgi a gabashin ƙasar. L.A.A. kuwa ƙaramar bindigar Bofors ce mai milimita 40.

A gidajenmu duk wanda ya sa kaki a shekarun nan cewa ake ya je yaƙin Bama, har wanda bai wuce Apapa ba. Lambobin yabon ne za su raba gardama. Rashin suna a jikinsu ba matsala ba ce, haka Ingila ta bayar da na Yaƙin Duniya na Biyu, babu suna. Ki karanta rubutun da ke zagaye a fuskar tauraron, ki kuma dubi ƙyallen. Burma Star ƙyallensa ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo. Africa Star launin yashi ne da ja a tsakiya da siraran ratsi biyu, shuɗi mai duhu da mai haske. Kuma a lura: zama a Afirka ta Yamma ba ya ba mutum Africa Star. Ɗan Najeriya mai wannan tauraro galibi yaƙin Habasha da Somaliya ya je a 1940 zuwa 1941, tare da birged ɗin Najeriya da ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941. Rukunin igwarta a lokacin 52nd Light Battery ake kiransa, na mutanen Gwalkwas 51st. Wanda War Medal kaɗai gare shi, kwana 28 na aiki ma sun isa a ba shi ita.

Jikar Mai Igwa:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Tauraro biyu ne da masu zagaye biyu. Ɗaya tauraron an rubuta The Burma Star, ɗayan The 1939-1945 Star. Dabarar tocila ta yi aiki, a bayan takardar akwai hatimi mai Lt Bty, sai dai adadin da ke gabansa ko 3 ne ko 5, ya ƙi fitowa sosai.

Mai Kundi:
Madalla, aiki ya yi sauƙi. Ko 3 ko 5, Runduna ta 81 ce, Kaladan ke nan. Ki nemi kundin duka biyun, da na 101st Light Regiment.

Ga yadda takardun suke a Kew. An raba kundayen yaƙi ne bisa yankin da rukuni yake a lokacin, ba bisa asalinsa ba. Muddin yana Afirka ta Yamma, jerin WO 173 ne. Da ya sauka Indiya ya koma WO 172. Na yaƙin Habasha suna WO 169. A cikin kowane jeri kuma galibi fayil ɗaya na shekara ɗaya ne. Wato rukuni guda daga 1942 zuwa 1946 zai iya warwatsuwa a fayil biyar ko shida cikin jeri biyu, ban da canjin suna da Samanja ya ambata.

Ma'ajiyar sunayen fayilolinsu tana intanet, sunanta Discovery, kyauta ake dubawa. Matsalarta ita ce an kwafe sunayen fayiloli kamar yadda akawun soja ya taƙaita su. Idan kika rubuta cikakken suna sau da yawa ba za ta ba ki komai ba. Ki shiga bincike mai zurfi, ki taƙaita shi ga WO 172, ki sa shekara 1944, sannan ki gwada West African da Light, ki sake da W.A. da Lt. Bty. Da zarar kin samu fayil ɗaya na rukunin Afirka ta Yamma, ki bar bincike ki riƙa bin lambobin da ke gabansa da bayansa ɗaya bayan ɗaya, domin a jere aka ajiye na runduna ɗaya. Ki rubuta cikakkiyar lambar kowane fayil, WO 172 da adadin da ke bayan sandar. Ba a saka hotunan waɗannan kundaye a intanet ba, sai an je ko an aika.

Malamin Tarihi:
Ni ina da ja a nan. Kada mu sa wa baiwar Allah rai fiye da kima. Kundin yaƙi hafsan Bature ne ke cika shi a fam mai lamba C.2118: wuri, kwanan wata, awa, taƙaitaccen abin da ya faru. Idan laftanan ya kamu da zazzaɓi za a rubuta sunansa. Idan baƙaƙen soja uku suka mutu sai ka ga 3 A.O.R., wato African Other Ranks, shi ke nan. Hatta fam ɗin ƙidayar da ake liƙawa a baya, na hafsoshi W.3008 yana da sunaye, na sauran soja W.3009 galibi adadi ne kawai. Mutum zai kashe kuɗi a ɗauko masa shafi ɗaruruwa bai ga sunan kakansa ko sau ɗaya ba. Ni da za a bi tawa, Kaduna za a fara, da bakin tsofaffin gida tun suna raye.

Mai Kundi:
Allah ya gafarta Malam, ban musa ba, mafi yawan lokaci sunan ba zai fito ba. Amma ba sunan kaɗai ake nema ba. Tambayarta ita ce ina suka bi, kuma babu takardar da ke amsa wannan kamar kundin: ranar da suka hau jirgin ruwa, ranar da suka sauka Bombay, inda aka kafa igwa, harsashi nawa aka harba da wace bataliya aka tallafa wa, ranar da damina ta tsayar da su. Sannan rukunin igwa ƙarami ne idan aka kwatanta da bataliya, hafsoshinsa sun san mutanensu, don haka akan ci karo da suna da lamba idan an ji wa mutum rauni ko ya yi abin a yaba. Kuskuren masu aika a ɗauko musu hoto shi ne su ce a tsallake takardun da ke liƙe a baya don rage kuɗi. A nan ne umarnin tafiya da rahoton faɗa da wani lokaci jerin sunaye suke. Idan aka yi dace aka samu Part II Orders a ciki, to su ne ke ɗauke da ƙarin girma da canjin rukuni da shiga asibiti, kowa da lambarsa.

Akwai kuma hanyar warware 3 da 5 ɗin nan. Hafsan da ya sa hannu kusa da hatimin, a karanta sunansa, a neme shi a fam ɗin W.3008 na rukunan biyu. Inda ya fito, nan ne.

Malamin Tarihi:
Wannan ta sa hannun hafsa dabara ce mai kyau, na karɓa. Amma sharaɗina yana nan. Lokacin rubuta tarihin gida a rubuta "rukuninsa yana Kyauktaw a farkon Maris 1944 lokacin da Japanawa suka kawo farmaki", kada a rubuta "kakanmu ya yi faɗa a Kyauktaw" sai da wata shaida. Zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da mutane fiye da harsashi a Arakan, kuma kowane rukuni yana barin wasu a sansanin baya. Mai yiwuwa a ranar yana gadon asibiti a Chittagong. Sannan hatimin sallama rukunin ƙarshe yake nunawa, ba lallai shi ne wanda ya yi yaƙin a ciki ba.

Tsohon Samanja:
Gaskiya ne Malam. Kuma ga wata da ta shafi wasu masu karatu ko da ba ta shafi 'yata ba. Gidaje da yawa za su ce kakansu sojan igwa ne, don ya ba su labarin ɗaukar igwa a ka. Ya ɗauka ɗin kuwa, amma takardarsa za ta iya cewa Auxiliary Group. Rundunonin nan biyu a ka suka yi dakon kayansu a inda mota da alfadari ba sa shiga, kuma akwai rukunai na musamman na masu dako, soja ne cikakku masu lamba da albashi. Alamar Runduna ta 82 ma gammo ne da mashi biyu a gicciye. Ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa. Duk wanda ya ga ɗayan biyun nan a kafaɗar riga a tsohon hoto ya gama sanin runduna.

Kada kowa ya ji an rage wa kakansa daraja don an ce mai dako ne. Igwa ba ta harba harsashin da ba a kawo mata ba. Abin da nake so a gane shi ne kundinsu daban yake, da sunan Auxiliary Group za a neme shi a WO 172, kuma sai an karanta shi tare da na rukunin igwar da aka haɗa su da shi a wannan watan. A shigar farko ta Kaladan sojojin sun sare hanyar jif mai kimanin mil 75 daga Chiringa, aka sa mata suna West African Way, ta nan aka ja igwa. Abinci da harsashi kuwa daga sama jirgi ke jefo su da laima.

Malam Na Kakuri:
To bari mu zo Kaduna tunda Malam ya kawo ta. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana kan titin Yakubu Gowon. Takardun Arewa an jera su ne bisa lardi: KanoProf, ZarProf, SokProf, KatProf, BauProf da sauransu, sai SNP na sakatariyar Jihar Arewa. Saboda haka tambayar farko ita ce daga wane lardi da wace gunduma aka ɗauke shi, ba inda zuriyarsa ke zaune yau ba. A tafi da takardar neman izini da katin shaida, a nemi littafin jerin fayilolin lardin, a bi shi layi-layi daga 1939 zuwa 1950 ana neman Recruitment, Military, Casualties, Allotments, Demobilisation, Ex-Servicemen.

Dalilin da ya sa sunaye ke fitowa a nan shi ne komai ta hannun En'e ya bi. Razdan ya aika wa sarki adadin kurtun da ake so, sarki ya raba wa hakimai. Kuɗin da soja ke yanka wa matarsa ko mahaifiyarsa daga albashi ta baitulmali ake biya, dole a rubuta sunansa da lambarsa da sunan mai karɓa da garinta. Ga mai neman asali, irin wannan takarda ta fi kundin yaƙi daraja, don ita ke haɗa lamba da iyali. Bayan yaƙi kuma an yi dokar ɗaukar mazan jiya aiki a 1945, aka yi musu rajista. Da yawa sun zama 'yan doka, masinjoji, gandirobobi, direbobi, ma'aikatan reluwe. Fayil ɗin aikinsa na farar hula zai iya ɗauke da lambar soja da rukuninsa.

Sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairu 1939, ta riƙa buga labarin yaƙi da wasiƙun sojoji. A nemi tsofaffin fitowarta a Kaduna da Zariya, a haɗa da Gidan Arewa. A kuma rubuta wa ofishin ajiye bayanan sojojin Najeriya da ke Lakwaja da reshen ƙungiyar Nigerian Legion na jiharku, a sa lamba da hoton takardar sallama, kada a aika ainihin takardar.

Hajiya Ta Zangon Kumasi:
Sannunku da ƙoƙari 'yan'uwa. Maganar suna nake so in ja kunne a kai, don ita ke kayar da mutanenmu na zango. Akawun soja yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Muhammadu ya koma Mama ko Momo ko Moma, Audu ya koma Awudu, Ibrahim ya koma Braima, Usman ya koma Osumanu, Yusufu ya koma Issifu, Alhassan ya koma Allasan. Suna na biyu kuma ba na uba ba ne. A Najeriya sunan gari ake liƙa wa mutum, Kano ko Sokoto ko Bauchi ko Yola, a nan Gwalkwas kuwa sunan ƙabila: Hausa, Fulani, Moshi, Grunshi, Dagarti, Wangara, Zabrama. Garin ma wani lokaci inda aka ɗauke shi ne ba mahaifarsa ba. Wasu kuma da gangan suka ba da wani suna don kada gida su sani. Shekarun haihuwa ƙiyasin likita ne, a ba shi shekara biyar gaba ko baya.

Saboda haka suna ɗaya zai iya hawa kan mutum hamsin, lamba ce ba ta da tagwaye. Wanda lambarsa ta fara da GC, ko da Bakano ne, Accra zai nufa, gidan adana takardu na PRAAD, da gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta taɓo abin da ya shafe mu. Mutanenmu na Nijar da yawa sun tsallaka Kano da Sakkwato da Gwalkwas sun shiga sojan Ingilishi, aka rubuta su da garin da suka shiga, don haka takardunsu hanyar da kuka bayyana za a bi. Wanda kuwa Faransa ta ɗauka tsarinsa daban ne. Ana neman shekarar ajin ɗaukarsa da ofishin da ya ɗauke shi da lambar sojansa da ake kira matricule. Bayanan aikin mutum suna cibiyar takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau a Faransa, kundayen rukunai suna Vincennes kusa da Paris, waɗanda suka mutu a fagen fama kuma ana duba su a shafin Mémoire des hommes.

Jikar Mai Igwa:
Wata tambaya daga gwaggona. Ƙanin kakanmu tare suka tafi, shi bai dawo ba, kuma babu takardarsa ko ɗaya.

Mai Kundi:
Allah ya jiƙansa. Abin tausayi ne amma wanda ya rasu ya fi wanda ya dawo sauƙin samu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, CWGC, tana da jerin waɗanda suka mutu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947, kyauta a shafinta. Kada ki cika duka gurabun. Ki sa sunan gari a gurbin sunan mahaifi, ki zaɓi Yaƙin Duniya na Biyu, ki gwada sunan farko da duk rubutun da Hajiya ta lissafa. Idan ya ƙi, ki juya su, domin wasu an shigar da sunan duka a gurbi ɗaya. Sakamakon zai ba ki lamba da muƙami da rukuni da ranar rasuwa. Tunda tare aka ɗauke su, ki fi mai da hankali ga lambar da ke kusa da ta kakanku, don a jere ake ba kurata lamba.

Wanda ba a san kabarinsa ba sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon da ke cikin maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000. Wanda ya rasu a asibiti ana samunsa a Chittagong ko Maynamati kusa da Comilla, duka a Bangladesh ta yau, ko Madras, don can yankin aka mai da Runduna ta 81 bayan ta fito daga Bama a 1945. Da kin samu ranar rasuwa sai ki buɗe kundin rukuninsa a wannan ranar. Ko da 1 A.O.R. aka rubuta, yanzu kin san wane ne.

Ki kuma gwada sunayensu biyu a jerin WO 373, takardun neman a ba soja lambar jarumta. Waɗannan suna intanet, kuma suna ba da labarin abin da mutum ya yi da wuri da rana. Lambobin jarumta irin su Military Medal, su akwai suna da lamba a gefensu. Idan kuma akwai ɗan ganyen tagulla a kan ƙyallen War Medal, an ambaci mutum a rahoton yabo ke nan, sunansa zai fito a London Gazette, jaridar sanarwar gwamnatin Ingila.

Malamin Tarihi:
Ga masu neman na Yaƙin Duniya na Ɗaya, kada su ɗauka rashin suna a CWGC na nufin mutum bai mutu a yaƙi ba. Rahoton da hukumar da kanta ta fitar a 2021 ya nuna aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba. Igwar wancan zamani mai inci 2.95 ce, ita ma a ka ake ɗaukarta, ta je Garwa da Banyo da Mora a Kamaru, ta je Afirka ta Gabas. Kundayensu WO 95 ne, katunan lambobin yabo WO 372, wasiƙun rundunar kuma CO 445. Lambobin yabon wancan yaƙin suna ɗauke da suna da lamba.

Sai maganar tsofaffi. A zauna da mata musamman, a naɗi murya, kada a tambaye su sunan rukuni don ba za su sani ba. A tambayi abin da za a iya gwadawa da takarda: da wace kaka ya tafi, wa aka haifa yana can, wa ke karɓo kuɗinsa kuma a ina, su wa suka dawo tare, wane aiki ya kama da ya dawo, yana da ciwon kunne ko tabo. Kada mai tambaya ya fara ambaton Kaladan ko Myohaung, a bari sunan ya fito daga bakinsu ko da a karkace.

Malam Na Kakuri:
Takardar nan kuma don Allah kada a kai ta a manne ta da roba mai zafi, ba ta ɓantaruwa kuma tana cin tawada. Ban da salatif, ban da ƙusar takarda, ban da ɗaure ta da roba. A sa ta a kwance tsakanin farar takarda biyu cikin fayil, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da laima. Lambobin yabo a goge su da busasshen ƙyalle kawai, kada a sa toka ko man goge ƙarfe, kada a cire tsohon ƙyallen ko ya kode.

Mai Kundi:
Idan kuna da ɗalibi ko ɗan'uwa a Ingila, shi ya fi arha. Katin shiga ɗakin karatu a Kew kyauta ne, ana bukatar shaida biyu, ta suna da ta adireshi, kuma an yarda mutum ya ɗauki hoto da wayarsa ba tare da walƙiya ba. Ya yi odar fayilolin tun kafin ranar zuwa. Idan babu kowa, suna da sashen kwafi: a biya kuɗin ƙirga shafuka tukuna, sannan su faɗi kuɗin aikin.

Ki ba shi umarni a rubuce. Ya fara da hoton bangon fayil mai lamba kafin shafukan ciki, don kada hotunan fayiloli su cakuɗe. Ya ɗauki komai a jere har da takardun baya da taswira. Ya fara da 1944 na 3rd da 5th Light Battery, ya duba sunan hafsan nan, idan an gane rukunin sai ya bi shi baya zuwa WO 173 da gaba zuwa 101st Light Regiment na 1944 da 1945. Idan lokaci ya rage ya ɗauko kundin hedkwatar igwa ta Runduna ta 81, shi ke cike giɓin watan da na rukunin ya ɓata. Wuraren da ke ciki da adadi shida ake nuna su, ba sa karantuwa sai da taswirar soja ta lokacin mai inci ɗaya ga mil ɗaya, kuma lambar taswirar tana saman takardar umarnin tafiya, ya tabbata ta fito a hoto. Wajen nema a taswirar yau, Myohaung ita ce Mrauk-U, Akyab ita ce Sittwe, Arakan kuma jihar Rakhine.

Jikar Mai Igwa:
Na rubuta duka. Sa hannun hafsan yana nan ƙasan hatimin, harafin farko da na ƙarshe suna fita. Zan sake ɗaukar hotonsa da tocila in kawo muku ku taya ni karantawa, gwaggo kuma ta ce kakarmu a baitulmalin Zariya take karɓar kuɗinsa, don haka ZarProf zan fara nema a Kaduna.